Lauyar Tsallaken Duna

Litinin, 24 ga Fabrairu, 1997

Mako mai zuwa Kotun Duniya za ta fara sauraren ƙararmu a Hague. Shekara huɗu ke nan da ɗoriya tun da mutanen tsallake, 'yan Sulobakiya, suka datse mana kogin Duna mu 'yan Hangari, suka juya ruwan zuwa magudanarsu ta siminti, suka bar mana tsakuwa da ɗan abin da ba ya ɗaukar kwale-kwale. Yau na rufe littafin tarihi, na ce wa 'yan aji bakwai mu ma za mu kafa tamu kotun: lauyan Hangari, lauyan Sulobakiya, da alƙalai biyar. Ajin ya kaure kamar na ce an ba da hutu.

Na zana musu a allo. A waccan kotun mutum ba ya kai ƙara, ƙasa ce ke kai ƙasa, kuma sai su biyun sun yarda a yi musu shari'a. Alƙalai goma sha biyar, kowa da ƙasarsa. Ƙasar da ba ta da ɗanta a cikinsu tana iya zaɓo wani ya zauna tare da su. Ana shekara da shekaru ana rubuta hujja kafin a buɗe baki. In an yanke, an yanke, babu ɗaukaka ƙara.

Lehel, ɗan mai mashaya, ya ɗaga hannu. "Malama, in Sulobakiya ta faɗi, wane kurkuku ne zai ɗauke ta?" Na ce babu kurkuku, babu ɗan sanda. "To me zai hana ta ƙi?" Na ce alkawarin da ta ɗauka a gaban duniya, da kunya. Ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Kunya. Ashe ba mu da rabon ruwa."

Zai gani. Gaskiyarmu a fili take kamar gadon kogin nan.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Lauyan Hangari: kusan kowa ya ɗaga hannu. Na ba Lehel, bakinsa ba ya mutuwa. Lauyan tsallake: kowa ya sami abin kallo a kan tebur. Sai muka jefa sunaye a hula, ƙuri'a ta faɗa kan Dorka.

Dorka, jikar Baba Vendel, wanda ya tsufa yana kamun kifi a reshen kogin da yanzu ake tsallakawa da takalmin roba. Ita ce ta ɗaya a ajin. Ta ce, "Malama, ko a sake jefawa?" Na ce a'a. Kotu mai baki ɗaya ba kotu ba ce, wa'azi ne.

Tsakanina da wannan takarda: me za ta samu ta faɗa? Za ta tashi ta ɗan yi kame-kame ta zauna, yara su ga yadda ake yi, shi ke nan.

Litinin, 3 ga Maris

An fara. Namu lauyoyin ne ke magana wannan makon. Na kunna rediyo a ɗakin girki, Inna tana yankan albasa ta ce, "Mutanen da ba su taɓa shan romon kifin Duna ba, su za su raba mana ruwa?" Na ce dalilin da ya sa aka je wurinsu ke nan, Inna. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin baƙo ya san inda ɗaki ke yoyo ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Yarinyar nan ta hau bas ita kaɗai har birnin Győr, ta shiga ɗakin karatu, ta kwafo yarjejeniyar gina madatsar ruwa ta 1977. Bayan an tashi ta tsaya, ta shimfiɗa mini a tebur.

"Malama, wannan sa hannun na wa ne?"

Na ce namu ne.

"Ashe mu ma mun ce a gina madatsar."

Na ce gwamnatin da ce, ta wancan zamanin, wadda ba ta tambayar kowa.

"In gwamnati ta sauya, alkawarin ƙasa mutuwa yake yi?"

Na san amsar. Ni da bakina na koya musu: ƙasa ce ke sa hannu, ba mutumin da ke kan kujera ba. Na ce mata a 1989 mun ajiye aikin ne don mu ceci ruwan shanmu da dajin bakin kogi, kuma doka ta san larura. Ta ce ta karanta, amma su a lokacin sun kusa gama nasu rabin. Na fara ɗaga murya, sai ta ce a hankali, "Na sani, Malama. Amma ni ba lauyarku ba ce."

Na yi dariya. Ban ji daɗin dariyar ba.

Talata, 18 ga Maris

An rubuta 'YAR TSALLAKE da alli a kan teburinta. Na sa ajin duka suka tsaya har mai shi ya fito, ba wanda ya fito. Ita ta goge da hannun rigarta.

Malam Kalman, hedimasta, ya kira ni ofis. Iyaye sun zo masa. "Malama Jolan, bakin rijiya ba wurin wasa ba ne. Garin nan rijiyoyinsa sun ja baya, itatuwansa na bushewa daga sama, ke kuma kin ɗauki 'yar mutane kin ce ta wanke waɗanda suka yi haka. Ki yi musu wasan kwaikwayon bazara mana, kamar kowace shekara."

Na ce ƙasarmu da kanta ta yarda ta zauna ta saurari lauyoyin tsallake mako guda cur. Ƙauyenmu ya fi ƙasar girma ne? Ya ce ƙasa ba ta zuwa sayen burodi a shago ɗaya da kowa.

Ba zan soke ba. In yana so ya rubuta a hana ni, ya sa hannu.

Asabar, 22 ga Maris

Na bi ta tsohuwar mashigar kwale-kwale. Baba Vendel na shafa wa nasa kwalta, a kan tsakuwa, ruwa can nesa. Duk bazara sai ya shafa.

"Malama ƙarama," in ji shi, bai ɗago ba, "an ce kin mai da jikata baƙuwa."

Na ce ƙuri'a ce, Baba.

"Ƙuri'a ba ta da hannu. Wani ne ya riƙe hular."

Na fara ba shi bayani, yadda dole alƙali ya ji kowane ɓangare, ya katse ni. "Jiya muna cin abinci ta ce mini mu muka fara karya alkawari. A teburina. Da cokalina a hannunta."

Na ce me ka ce mata?

"Na ce ta ci abincinta yana hucewa."

Ya miƙo mini burushin, wai tunda na iya shafa wa mutane baƙi in taya shi. Na karɓa na shafa masa gefe ɗaya, don ya san ban ji tsoro ba. Rigata ta lalace.

Litinin, 24 ga Maris

Makon lauyoyin tsallake a Hague. Abin haushi, rabin abin da rediyo ya ce sun faɗa na riga na ji shi a ajina.

Litinin, 31 ga Maris

Litinin ɗin Ista. Tun da safe samari ke yawo gida-gida da kwalaben turare suna yayyafa wa mata, wai kada fure ya bushe. Inna ta rina ja-jajen ƙwai kwando guda, kafin azahar sun ƙare. 'Yan ajina sun zo a gungu, Lehel ya rera baitinsa ya nemi izini, ya zazzage mini turare mai warin maganin sauro. Har Inna sai da aka jiƙa mata kai, tana zagi tana miƙa musu waina. Na ji daɗi. Na ce ashe abin ya wuce.

Da la'asar na bi ta ƙofar su Dorka. Ƙyauren a buɗe, yadda ake bari a ranar. Ta taga na ga kwandonta cike, ƙwan da ta zana wa furanni da kakin zuma, ko ɗaya ba a taɓa ba. Tana zaune da sabuwar riga, gashinta a bushe. A garin nan ko 'yar da ke rarrafe ana yayyafa mata.

Na tare wani ƙaramin yaro a hanya na tambaye shi. Ya ce manyan ne suka shirya tun jiya a bakin coci. Suka ce ta je tsallake su yayyafa mata, ai su ke da ruwan.

Ban shiga ba. Kaina na warin turarensu, da wace fuska.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Alƙalan sun zo ganin kogin da idonsu, an ce kotun ba ta saba yin haka ba. Gari ya fito kan tudun tare ambaliya, kowa na cewa gani ya kori ji. Wasu da alluna, Baba Vendel da busasshiyar komarsa a kafaɗa. Limamin coci ma ya zo.

Motocin suka taho a hankali, suka wuce a hankali. Fuskoki a bayan gilashi, wani na nuna musu wani abu da yatsa. Shi ke nan.

Inna ta ce, "Ko saukowa ba su yi ba." Na bayyana wa na kusa da ni cewa ba za su iya karɓar magana daga bakinmu ba, wakilan ƙasashen biyu na tare da su, abin da ɗaya bai ji ba ba a sa shi a ma'auni. Baban Lehel ya ce, "Ga wata lauyar tasu." Na ce masa in yana son darasi ajina a buɗe yake, akwai kujera a baya.

Dorka na can gefe ita kaɗai. Ta fi kowa daɗewa tana kallon ƙurar motocin.

Litinin, 7 ga Afrilu

Maman Dorka ta same ni a bakin ƙofar makaranta, ba ta ko amsa gaisuwa ba. Ta ce yarinyar ba ta cin abinci, ƙawarta ta sauya wurin zama a coci. "Ke in an tashi kin kulle ajinki kin tafi gida. Ita a ciki take kwana." Ta ce in cire ta.

Na kira Dorka na ce in tana so ta sauka, ba laifi, sai mu san yadda za a yi. Ta kalle ni kamar na zage ta.

"Sunan da suka sa mini zai sauka tare da ni?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"To gara in faɗi abin da na karanta. Kada in sha dukan a banza."

Na ji kamar in rungume ta. Na kuma ji sanyi a raina da ba ta sauka ba, wannan kuwa ban san ko don ita ba ne.

Lehel na tsare shi daban a kan zancen Ista. Wai shi ba shi ya kawo shawarar ba. Na ce amma ƙafarka ce ta wuce ƙofar. Kunnuwansa suka yi ja. Na ce lauyan da ke tsoron abokin shari'arsa shi ke kai masa hari a waje. Ya ce shi ba ya tsoron mace. Na ce to ka je ka yi karatu, don ta fi ka shiri.

Talata, 15 ga Afrilu

An rufe sauraro a Hague. Yanzu alƙalai za su shiga ɗaki su yi ta muhawara wata da watanni, su jefa ƙuri'a a kan kowace tambaya. Sai kaka. Mu namu zaman wata mai zuwa, a ɗakin motsa jiki. Malam Kalman bai rubuta komai ba, bai kuma gaishe ni ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

An yi.

Na zaci iyaye kaɗan za su zo, sai ga ɗakin ya cika har da masu tsayuwa. Alƙalaina biyar a kan benci da baƙaƙen rigunan da na aro daga mawaƙan coci, iyayensu a bayansu kai tsaye. Wannan ban yi tunaninsa ba sai da na gani.

Lehel ya yi karatu, na ba shi wannan. Ya kawo kwalbar ruwan rijiyarsu, ya kawo busasshen reshe. Aka tafa.

Dorka ta tashi. Ta fara magana. Ba zan iya kawo duka ba. Ta ce maƙwabta biyu sun yarda su gina abu ɗaya, ɗaya ya zuba ƙarfinsa ya kusa gama nasa, ɗayan ya wayi gari ya ce ya fasa. Ta ce tsoron abin da zai iya faruwa ba ya kwance alkawari, sai dai a koma a zauna a gyara shi. Ta ce in kowace ƙasa za ta yar da abin da ta sa wa hannu ranar da ya yi mata nauyi, ƙananan ƙasashe irin tamu su za su fara kuka, don takarda ce kaɗai garkuwarsu.

Wani daga baya ya ce, "Me suka ba ki?" Na kaɗa ƙararrawa na ce wanda ya ƙara zai fita, ko shi wane ne. Na kalli baban Lehel na ce ko shi wane ne.

Lehel ya mayar da martani, kuma a nan ya burge ni. Ya juya gare ta ya ce, "To na fasa, na yi laifi. Shi ya ba ki ikon ɗauke rijiyar da muke sha tare ki kai bayan gidanki?" Dorka ta dube shi. Ta ce, "Wannan ita ce tambayar da ban sami amsarta ba." Ban taɓa alfahari da yara biyu kamar a wannan lokacin ba.

Alƙalai suka shiga ɗakin sauya kaya, ko zama ba na jin sun yi. Hangari ta yi gaskiya a komai, su biyar baki ɗaya. Tafi kamar rufin zai ɗaga. Abin da nake so ke nan tun Fabrairu, ban san me ya sa hannuwana suka ƙi yin tafi ba.

Dorka ta taka ta miƙa wa Lehel hannu yadda na koya musu. Ya waiga ya kalli babansa, ya taɓa yatsunta ya saki. Baba Vendel bai tafa ba. Ya ɗauko mata rigar sanyinta ya riƙe mata ta sa, suka fita tare ta tsakiyar mutane.

Asabar, 14 ga Yuni

Bikin rufe shekara. Dorka ta ɗauki kyautar ta ɗaya, tafin bai kai bango ba. Mamanta ta karɓi takardunta daga ofis. Aji takwas a Győr za ta yi, wurin goggonta.

Malam Kalman ya ce mini a hanya, "An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan karon wani ya ja, wani ya jiƙe." Na ce makarantun Győr sun fi tamu, yarinya irinta can ya dace da ita tun farko.

Kuma gaskiya ne. Sun fi tamu.

Litinin, 1 ga Satumba

An koma. Ba wanda ya zauna a teburinta, ni kuma ban ce kowa ya zauna ba.

Alhamis, 25 ga Satumba

Hukunci ya fito. Na saurara a ɗakin malamai, na rubuta a bayan hannuna don ban sami takarda ba.

Mu ba mu da ikon ajiye aikin a 1989. Su kuma ba su da ikon juya kogin su kaɗai a 1992. Yarjejeniyar na nan da ranta. Kowa ya cuci ɗan'uwansa, kowa zai gyara. Ƙasashen biyu su koma su zauna su daidaita, su duba lafiyar kogin da ta mutanen bakinsa.

A shago kowa na magana lokaci guda. Wai an sayar da mu. Wai shekara huɗu don a ce mana ku je ku shirya, abin da kowace kaka za ta faɗa kyauta. Baban Lehel ya ce kotun banza. Na ji bakina na cewa ai mu muka sa hannu a 77, ba su suka riƙe mana alƙalamin ba. Ban san lokacin da maganar ta fito ba.

Baba Vendel na bakin ƙofa. "Malama ƙarama, ke da kika iya karatu. Wa ya ci?" Na ce kowa ya ci rabi, ya faɗi rabi. "To ruwan fa, yaushe?" Na ce sai sun zauna. Ya gyaɗa kai ya ce bara ma ya sayi kwalta da yawa, kwale-kwalen zai jira.

Asabar, 27 ga Satumba

Na ga Dorka ta sauko daga bas, ta zo hutun ƙarshen mako. Ta yi tsawo, ta yanke gashi. Na tare ta da sauri har na kusa tuntuɓe.

Na ce kin ji? Alƙalan duniya sun faɗi abin da kika faɗa. Da abin da Lehel ya faɗa. Ku biyu kun riga su.

"Na ji, Malama."

Na ce yanzu garin nan zai san ba ƙarya kika yi ba.

"Sun sani tun a lokacin," in ji ta. Ta gyara jakarta. Ta ce makarantar can da kyau, ba wanda ya san sunan ƙauyenmu. Ta gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa malamar wasu, ta wuce.

Litinin, 6 ga Oktoba

Sababbin 'yan aji bakwai sun dame ni, su ma suna son nasu. Tunda kotu ta ce a zauna, bana teburin sulhu za mu kafa: wakilin Hangari, wakilin Sulobakiya, a raba ruwa a kan taswira. Malam Kalman ya ce ashe ban ji jiki ba. Na ce darasin daidai ne bara, daidai ne bana, kuma zan yi shi har in yi ritaya.

Wani yaro ya cire hularsa don ƙuri'a. Na ce ya mayar da ita kansa. Na rubuta sunayensu a ƙarƙashin Hangari, duk wanda yake so. A ƙarƙashin Sulobakiya na rubuta sunana, Jolan.

Ba wani dalili. Na fi su sanin takardun, aikin zai fi sauri.

Kafin a tashi labari ya riga ni fita. A hanyar gida mazan da ke zaune a ƙofar mashaya ba su ɗaga hula ba, matar shago ta ba ni burodi tana kallon bayana. Ba komai. Hanyar ce dai ta yi mini tsawo yau, ni da nake da shekara arba'in da ɗaya, da albashina, da makullin ajina a aljihu.

Ita Dorka shekara sha uku gare ta.